Agogo Biyu a Tsohon Gidan Burodi

Matattakala ɗari da sha bakwai
daga titin tashar jiragen ruwa zuwa ƙofar nan.
Na ƙirga su da akwati a kafaɗa,
Baltasar a bayana yana zagin tudun Valparaíso
da wanda ya fara gina gida a kansa.

Gidan burodi ne a da.
Har yau in ka ɗaga katakon daɓe
garin fulawa ke tashi, ya shekara talatin yana barci.
Inda tanda take, nan muka girke teburin haɗa sauti.
Eulalia, mai wurin, ta ce bangon ya san zafi,
bari ya koyi sauraro.

Na durƙusa.
Rabin aikin nan a gwiwa ake yin sa,
tocila a baki, filaya a aljihu,
kebul sittin da huɗu kamar hanjin rago a ƙwarya.
Kowanne na liƙa masa suna da salatef:
ganga, jita, murya ta ɗaya, murya ta biyu,
da wani da ban san daga inda ya fito ba,
na rubuta masa "wa ya sani".

Mai haƙori uku zuwa rami uku.
Wayar wuta ta bi hagu, ta sauti ta bi dama,
in sun haɗu su gitta, kada su jera,
don ita wuta gulma gare ta,
tana raɗa wa maƙwabciya abin da ba a tambaye ta ba.

Ga ɗan akwatin ƙarfe, bai wuce tafi biyu ba,
shi zai karɓi numfashin mutum
ya yanka shi sau dubu arba'in da takwas a daƙiƙa,
ya mai da shi sifili da ɗaya,
sannan ya rantse bai zubar da komai ba.

Da la'asar muka kunna.
Korayen fitilu suka farka a jere.
Tsoho Gumersindo ya zauna gaban makirfo,
akodiyon a cinya,
ya ja iska ɗaya mai tsawo.

Ƙas.
Shiru.
Ƙas. Ƙas.
Kamar ana kashe ƙwarƙwata a cikin kunnena.

Baltasar ya ce kebul ne. Na canza uku.
Eulalia ta ce injin keken nan ne
mai hawa tudu da mutane.
Muka kashe firji. Muka kashe fitilar bayi.
Tsoho dai na ɓare lemonsa yana kallonmu,
shi da ya taɓa naɗar waƙa a zaren kaset
ba tare da kowa ya durƙusa ba.

Sai tara na dare na gano.
Na'ura biyu, kowacce da agogonta a ciki,
kowacce ta ɗauka ita ke faɗin lokaci.
Saɓanin bai kai ƙiftawar ido ba,
amma in tafiya ta miƙa sai ƙafa ta harɗe: ƙas.
Direba biyu, sitiyari ɗaya.
Na shiga kwamfuta na ce wa ɗayar: ke ki bi.
Ba ta yi musu ba.
Na san abokan da wannan magana ta raba.

Gumersindo ya goge yatsu a wando
ya sake ja.
Yanzu babu komai tsakanina da shi.
Na ji fatar abin tana buɗewa,
na ji maɓallin da ke ɗan maƙalewa,
na ji, can ƙasa, wani jirgi na sallama da gari.

Eulalia ta ce a goge jirgin.
Tsoho ya ce a bar shi, tare suka shigo.

Na naɗe ragowar waya a gwiwar hannu.
"Wa ya sani" na nan a rataye,
ban samo masa rami ba.
Sai gobe.
Ɗari da sha bakwai, cikin duhu, zuwa ƙasa,
fulawa a gwiwoyina biyu.