Kumburi Ne

Ran Asabar na ɗaga bonet,
na zaro geji, na goge, na mayar, na sake zarowa.
Baƙin mai ya haura layi da faɗin ɗan yatsa,
alhali wata bakwai ban ƙara masa ko cokali ba.

Na ce, Hansatu, zo ki ga albarka,
motar nan haihuwa take yi da dare.
Ta ce, tulun da ke cika kansa
ni dai ban taɓa shan ruwansa ba.

Garejin Barau na bayan Agoro, gindin dalbejiya.
Ya lakaci man da yatsa biyu,
ya murza, ya kai hanci,
ya jima kamar mai tayin turare,
sannan ya ɗiga shi a kan kwali.
Baƙi ya tsaya a tsakiya,
wani zobe fatsi-fatsi ya kewaye shi,
baƙon da ban gayyata ba.

"Malam, gas ne. Ina kake zuwa da ita?"
Gyallesu zuwa Kongo. Kongo zuwa Gyallesu.
"Shi ke nan.
Kafin inji ya yi gumi ka kashe shi.
Gas ɗin da wuta ta rage
sai ya silale ta gefen fistan,
ya gangara ƙasa, ya tsinka mai
kamar nonon da ya haɗu da rijiya a hanyar kasuwa.
Ƙarfe na cin ƙarfe, kana ta hamdala.
Kumburi ne, ba ƙiba ba."

Na ce, ai littafin mota kilomita dubu goma ya ce.
Ya goge hannu a wando.
"Mai littafin nan
bai taɓa tsayuwa a Ƙofar Doka da azahar ba.
Bar ƙirga hanya, ƙirga wata.
Huɗu in sun cika, juye.
Kuma ka riƙa sakar mata linzami."

Ya kwance noti.
Abin ya zubo shar, kamar shayin marowaci.
Na biya kuɗin galan da filta,
aljihu ya yi juyensa shi ma.

Da la'asar muka kama hanyar Funtuwa,
ba suna, ba ta'aziyya.
Daidai Giwa allurar zafi ta hau tsakiya ta zauna,
inji ya sauke murya.
Hansatu na ɓare gyaɗa, tana kallon dawa,
har muka juyo
ba ta ce ai na faɗa maka ba.