Albarka

Shekara goma sha tara ina shiga cikin ƙasa
tun ban mutu ba.
Daga Kumo har Pindiga
ana shan ruwan da digata ta tono.
Amma in aka ce, "Bappayo, nawa za a ba ka?"
sai harshena ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen yumɓu,
in sunkuyar da kai, in ce, "Abin da ya sawwaƙa."

Abin da ya sawwaƙa bai taɓa cika min rumbu ba.

Ran Talata Alhaji Manu ya kira ni gonarsa.
Masu injin burtsatse sun huda wuri uku,
sun ci kuɗi, sun bar masa busassun ramuka.
Na zaga, na dubi suri, na dubi inda ɓaure ya karkata,
na ɗanɗana ƙasa a harshe.
Na gane wurin. Na yi shiru.

"Nawa?"

Sai na tuna Dudu daren jiya,
tana gasa min baya da tsumma da ruwan zafi:
"Mai tumatir a tasha ya san kuɗin kwandonsa,
kai kaɗai ke sayar da numfashinka a kan Allah-ya-saka."

Na faɗi kuɗina, ban rage ko sisi ba.
Ya yi dariya. "Rami ne fa! Ko yarana sa tona.
Karɓi rabi."

Na ce, "Albarka."
Kalmar da mai akuya ke faɗa a kara ko gumi bai yi ba,
ni sai da furfura ta fito min na iya furta ta.

Rami kam kowa na tonawa, Alhaji.
Abin da na kasa a faifai
kunne ne mai jin gefe zai rufta tun bai rufta ba,
da sanin lokacin jan igiya in fitila ta mutu a ƙasa,
da yatsu biyun da dutse ya karɓe min
kuɗin makaranta.

Na saɓa diga, gwiwata na rawa har bakin titi.
Dawar gida ba ta wuce tiya biyu ba.

Laraba waya ba ta yi ƙara ba.
Alhamis ma haka.
Dudu ba ta ce uffan ba, ta dai ƙara min miya.
Ni kuwa ina gindin darbejiya ina wasa bakin diga.

Ya kira, ko kada ya kira,
ruwan na nan kwance, gaba goma sha biyu,
ba ya gaggawa.
Ni da shi mun san juna.