Abin da Reza Ta Yanke

Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin faifai,
ni Haladu mai reza,
ƙarƙashin fankar da ke juyi tana kukan tsufa.
Duk sanda watan rasuwarsa ya kama
sai a aiko yaro daga bene:
"A fito da jawabin Ɗanjauro.
Minti uku, kar ya wuce."

Jawabin kuwa minti arba'in da bakwai ne.
A gabana aka yi shi, can bayan Ƙofar Ran,
ina riƙe da waya, rana na cin ƙeyata.

Da fari tarinsa na yanke.
An ce babban mutum ba ya tari a rediyo.
Sai wurin da sunan wani ƙauye ya ɓace masa,
wata tsohuwa ta jefo daga cikin taro: "Dindima!"
Fili ya ɗauki dariya, shi ma ya dara.
Dariyar ma ta bi reza.

Akwai inda muryarsa ta yi ƙasa, ya ce:
"Rijiyar da na yi muku alkawari ban haƙa ba.
Kuɗin sun bi wata hanya, kuma da sanina.
Ku yafe ni."
Manaja ya saurara sau biyu,
ya cire tabarau ya goge da bakin riga,
ya ce, "Wannan ba na jama'a ba ne."

Masu mulki in sun zo, "ku yi haƙuri" suke so.
'Yan hamayya su ce a ba su "ku tashi tsaye".
Numfashi ɗaya ya faɗe su,
tsakaninsu ko haɗiyar yawu babu,
amma kowa ya ɗauki rabonsa
kamar naman watanda.

Hotonsa ma bai tsira ba.
Giɓin nan na haƙorinsa an cike shi a jarida,
tsagar kumatunsa tana dusashewa duk zaɓe.
Ga shi can a shataletalen Wunti
kafaɗa da kafaɗa da ɗan takarar
da ke rarrafe ranar da muka kai shi makwanci.
Yanzu har a waya yana magana,
yana faɗin abin da bai taɓa ji ba.

Goggo Dudu mai masa ba ta kashe rediyo ran nan,
ba ta kuma ƙara murya.
Na tambaye ta, tana juya tanda, ta ce:
"Makarantar da Rabi ta gama, shi ya gina.
Yayana kuma wata tara ya yi a ɗaure
kan baiti biyu da ya rera a gidan biki.
To wanne zan kunna, Haladu?
Miƙo kwanonka."

Ran da na ajiye aiki
ban ɗauki agogon da suka ba ni da muhimmanci ba.
Gwangwanin madara na rungumo,
cike da guntayen da na yanke, ban zubar ba.
Dare uku a Fadamar Mada, da fitilar ƙwai,
ina liƙa wannan da wancan.

Na kunna.
Tari. Jan numfashi. Ƙarar kujera.
"A ba ni ruwa."
Tsohuwar Dindima da dariyarta.
Sannan shirun da ya yi kafin "ku yafe ni",
shiru mai tsawo, har ana jin akuya daga nesa.

Jikata Zulai ta leƙo, bacci a idonta.
"Kaka, wane ne wannan?"
Na ce, "Ɗanjauro."
Ta girgiza kai. "A'a.
Na rediyo ba ya tari."

Na mayar da faifan baya.
Na ce, "Zauna. Bai gama ba."