Bana Ban Ga Buzuzu Ba

Shekara goma sha ɗaya shanun Ranau ke kwana a gonata,
can jigawar Jiratawa, gabas da gulbi.
Ladarsa dami bakwai da gishirin lasa,
tawa ladar kuwa abin da suka bari a baya.
Ba mu taɓa sa wannan a takarda ba.

A da, ruwan farko na sauka
sai ka ji ƙasa na motsi.
Buzuzu ya fito, baƙi wuluk, kai a ƙasa,
yana tura dunƙulensa da ƙafafun baya
kamar mai bin bashi da ya samu biya.
Kwana biyu, kashin shanu ya shige ƙasa.
Ban taɓa ba shi ko zangarniya ɗaya ba,
ban ma taɓa ce masa sannu ba.

Bana ruwa ya sauka sau uku.
Kandilo na nan inda ya faɗi,
fari fat, ya ƙame kamar murfin tukunya.
Na sa hauya na juya ɗaya:
ciyawar ƙarƙashinsa ta yi rawaya,
ba rami, ba tsutsa,
ko ƙudan kirki babu.
Balbela ta sauka, ta duba, ta tashi.

Na ce ko sammu ne.
Tsahara, ɗiyar ƙanena da ke karatun noma a Maradi,
ta tsuguna, ta farfasa shi da tsinke,
ta ce, "Baba, yaushe aka yi musu allura?"

Allura kuwa an yi.
Ni na riƙe kahon Goje da hannuna.
Mai maganin ya zo bisa babur,
kwalbarsa ta sha rana har rubutun ya goge,
ya auna da ido, ya ƙara kaɗan don albarka.
Garke duka, mai ciwo da mai lafiya.

Ta ce maganin ba ya ƙarewa a cikin saniya.
Yana kashe na ciki, ya biyo kashi ya fito,
bai san tsutsar hanji daban, ɗan buzuzu daban ba.

To wa zan zaga?
Bara jar akuyata ta rame, haƙarƙari a waje,
kaska ta cika mata kunne.
Wannan allurar ce ta tashe ta.
Nonon da jikata ya sha da safen nan, nata ne.

Da na gaya wa Ranau, sai ya yi dariya,
ya ce yanzu ƙwaro ma sai an nemi izininsa?
Ya daɗe yana kallon kandilon dai.
Ya taka ɗaya da takalminsa. Bai fashe ba.

Mun yi magana a gindin gawo har la'asar.
Mai ciwo kaɗai za a soka,
a ɗaure ta a gefe, a tara kashinta daban,
ya sha rana da ruwa kafin ya ga gona.
Ya ce aikin ya ƙaru, dami ma ya ƙaru.
Na ce takwas. Ya ce tara.

Jiya, wajen iyaka da gonar Nomau,
wanda bai da kuɗin allura,
na ga ɗaya, ƙarami,
yana fama da dunƙulen da ya fi shi.
Na tsaya, na ɗauke ƙafata,
na ba shi hanya.