Huda Ta Huɗu

Likita bai ɗaga murya ba.
Ya dubi takarda, ya dubi tumbina,
ya ce, "Malam Arzika, kilo ɗari da tara.
Zuciya jaka ce mai haƙuri,
amma akwai kayan da ke durƙusar da ita."
Na sauko ina haki,
alhali matakala bakwai ce kacal.

In na sunkuya neman takalmi
sai duniya ta yi duhu.
Ko a sujada, Allah na tuba,
tumbi ke riga goshi isa ƙasa.

Gidan motsa jikin yana Mabera,
a saman shagon mai facin taya.
Fanka uku, ɗaya ce mai rai.
Ƙarafa birjik, madubi ya cinye bango,
madubin da bai san kara ba.
Ga buhun fata rataye da sarƙa,
ya sha duka har ya yi baƙi.

Nomau ke horo, siriri kamar tsumagiya.
Ya naɗe mini hannu, ya ce,
"Baba, mi kaka tsoro? Wanga bai ramawa.
Hagu, dama, shuri!"
Na kai shuri.
Ƙafa ta tafi, ba ta dawo da ni ba,
na zauna daɓas,
'yan jami'a suka shiga ƙirga kwanon rufi.

Kakana Barunje ne.
An ce in ya ɗaure hannu bayan girbi
ƙauyuka ke ɓoye samarinsu.
Ni na gaji tukuba, ban gaji damtse ba:
tsire mai kitse, kan sa ranar Juma'a,
fura har ludayi ya gaji,
lemon kwalba ya bi sahu.

Satin farko cinyoyina suka yi yaji.
Da baya-baya nake saukowa bene
kamar mai shiga rijiya.
Kulu ta dafa ruwa tana gasa mini,
dariya na cin ta a bayan mayafi.
"Wa ya aike ka?"
Na ce sikeli.

Shi kuwa sikelin kurma ne.
Sati uku ina zuba gumi
a garin da rana ke fitowa da fushinta,
allurarsa ko gezau.
Na yi zuciya, na biya wurin mai balangu,
na ci na dubu biyu a tsaye, cikin duhu,
kamar wanda ya sato.
Da asuba na koma. Nomau ya shinshina iska,
ya miƙo mini igiyar tsalle, bai ce uffan ba.

Haka dai.
Ɗaga, sauke. Ja, saki.
Rabin malmala, zogale cike da kwano.
Naushi goma, numfashi, naushi goma.
Wata rana cikin wata na huɗu
ƙugu ya juya da kansa,
ƙauri ya sami buhu, tim!
Sarƙa ta yi kuka har mai faci ya leƙo.
Na waiga ina jiran kirari.
Nomau ya ce, "Ƙara."

Yanzu a ofis ana ja na gefe:
"Lafiya ka rame? Ko bashi ne?"
Gwaggona ta aiko da rubutu a gora.

Jiya na kai bel wurin baduku.
Ya ƙirga hudar da ya yi mini a baya,
ɗaya, biyu, uku,
ya ɗora basilla, ya yi ta huɗu.
Casa'in da biyar. Da sauran tafiya,
kuma ƙamshin tukuba bai daina kiran sunana ba.

Amma yau da asuba
goshina ya isa ƙasa
bai tarar da kowa a can ba.