Lissafin Mai Albasa

Ban yi boko ba, albasa na karanta,
shekara talatin da ɗaya a kasuwar Kwadaso.
Ina gane ta Galmi da ƙamshi tun tana bisa mota.
Ku bar ni in faɗi tawa
kafin Issaka ya sauke buhun ƙarshe.

Ranar da manya suka ɓata a wani ɗaki mai sanyi,
suka ce a rufe iyaka, a hori maƙwabci,
motata na can, kwana goma sha tara a rana.
Direba ya bugo waya, murya na rawa:
Alhaji, ruwa na ɗiga ta ƙarƙashin tamfol.
Wanda aka so a hora bai rasa miyar dare ba.
Ni na horu,
da Adwoa mai tebur, wadda ke ɗauka a wurina ta biya ran Asabar.
In gemun maƙwabci ya kama da wuta
ba a sa wa rijiya kwaɗo.

Kada ku ce ina son mai bindiga a kujera.
Na ga nasu ina yaro,
na ga uwar wani kwance ana tsula mata bulala kan kuɗin sabulu.
Gara mai ƙarya da zan iya kora da ɗan yatsa.

An ce an ciyo mana bashi daga ƙetare.
Ranar ƙirga ba a kira ni ba,
ranar biya kuwa kowa ya san ƙofata.
Sidi na narkewa a aljihu kamar man kaɗe a kan murhu.
Malam Bukari ya koyar da yara har idonsa ya dushe,
ya ajiye guminsa a hannun gwamnati,
aka yi wa ajiyar aski, ba ruwa, ba sabulu.
Yanzu albasa biyu yake saye. Nakan ƙara masa ta uku,
ya yi kamar bai gani ba.

Ɗana Hudu ya tafi galamse.
Na ce masa: dubi Ofin, ya koma kamar koko,
me jikokina za su sha?
Ya ce: Baba, ba ni wani aikin.
Na yi shiru.
Har yau ban fita daga shirun nan ba.

A ofishin katin ɗan ƙasa wata yarinya ta duba sunana,
ta ce: ina ne garinku na asali?
Kakana ya shigo da jaki bakwai neman goro,
yana kwance a maƙabartar Tafo tun kafin a haifi ubanta.
Cibiyata na Aboabo, bayan masallaci.
Amma bari zaɓe ya matso,
duk Zango mun zama 'yan'uwa na jini,
ga sukari da azumi, ga sa da layya,
ga Pelele nan yadda take,
in ruwa ya sauka ta shigo mana har gado.

Ba zan wanke kaina ba.
Na karɓi sukarin, na sha shayi da shi.
Na taɓa jera manya a bakin buhu,
ruɓaɓɓu na ƙasa suna jiran matar da ba ta zazzage ba.
Shi ya sa in ɗan takara ya buɗe baki
nake jin warin gindin buhunsa.

Ni abin da nake so bai cika kwando ba:
hanya a buɗe, awo ya tsaya,
likita a asibiti da dare,
kogi ya koma launin kogi.
Ran zaɓe zan je da sassafe, in dangwala,
in dawo in buɗe rumfa.

Ga Adwoa can tafe da kwanonta.
Issaka, zazzage mata har ƙasa, ta gani.