Ƙayar Alwasa

Likita ya ce suga ya hau, jini ya hau,
ya ce, Malam Jaɓɓi, kujerar ofis ce ke cin ka.
Na sayo keken tsere na hannu a kasuwar Birnin Kebbi,
siriri kamar zalɓe, ƙaho a lanƙwashe kamar na rago.
Yaran unguwa suka raka ni gida da dariya.

Asabar, bayan asuba, na ɗaure bakin wando da roba.
Gorar ruwa, dabino bakwai, famfo a ƙugu.
Kwalta da sauran sanyin raɓa,
babu mai magana sai sarƙa,
tana ƙirga mini shekara hamsin da uku haƙori-haƙori
har na bar fitilun gari a baya.

Ambursa ta riga ni tashi.
Hayaƙin ƙosai, jaki da buhu biyu,
wata yarinya ta sauke tulu ta ce, Inna, taho ki gani,
ga tsoho bisa keken da babu kariya!

Can gaba fadama ta buɗe a hagu.
Shinkafa ta nuna, ta sunkuyar da kai,
yara bisa rumfa na kaɗa gwangwani,
jan-baki na tashi kamar an watsa tsaba.
Sau ɗari na bi nan a mota, gilas a rufe,
ban san ƙanshin laka ba, ban san kukan ɗan ragguwa ba,
ban ma san hanyar tana da hawa ba
sai da cinyata ta faɗa mini gaskiya.

Da hantsi na shigo Alwasa,
garin da muka haddace a aji huɗu saboda yaƙi.
Ina waige-waige, ina neman abin da zan kira tarihi,
sai fuuus!
A filin da maza suka tsaya wa mashi,
ni abin da ya sauke ni ƙaya.

Na turo shi har gindin wata tsamiya.
Arzika mai faci, ido ɗaya ya yi yana,
ya tsoma tif a kwanon ruwa yana bin kumfa da yatsa.
Mi kaka nema Argungu? in ji shi.
Na ce ba komai.
Ya ce, yau na ga mai zuhwa bisa ba komi.
Ya ce kakanai ya hwaɗi, in an yi huɗa bayan gari
garma takan tono bakin kibiya.

Ya shafa sholisho, ya hura, ya jira.
Ya zaro ta, ya aza mini a tafi,
ba ta kai tsawon farcen jariri ba.
Na miƙa kuɗi, ya ture hannuna.
Ya ce, ara man shi dai in kewayo rijiya.

Ya tattare riga, ya ɗare.
Ya yi tangaɗi sau ɗaya, sau biyu, sai ya miƙe,
hula ta faɗi bai waiga ba,
awaki suka watse, mata suka leƙo ta kan darni.
Ya dawo yana haki, dasashi duk a waje:
Wanga ba shi ɗaukar buhu, Malam,
amma ya sauke man shekara talatin daga wuya.

Azahar ta same ni Argungu.
Na tsoma ƙafa a Matan Fada, na cinye dabino na ƙarshe,
wani masunci yana ɗinkin homa bai ko dube ni ba.
Komawa kuwa, kada a tambaye ni:
keke ya hau rufin mota tare da kwandon albasa,
ni ina ciki ina barcin gajiya.

Litinin na koma kujerar nan.
Kusa da hatimi, cikin murfin biro, na ajiye ta.
Masinja ya ce, Ranka ya daɗe, mene ne wannan?
Na ce tsaraba ce.
Asabar mai zuwa akwai wanda ke jiran aron keke
a gindin tsamiya.